Ruwan Saman Labo

Ranar da Labo mai silima ya ɗauke wa Inna Tsahara gwangwanin ban-ruwa a garkarta ta Badagishiri, har bakin rijiya ta bi shi da faɗa. Shi ɗan Konni ne, kyamara ɗaya gare shi, saura duk dabarar hannu: tsawa da fallen kwano, walƙiya da madubi. Yau kuma ruwan sama yake so bisa kan wani ƙato ɗan wasansa, ga rani ya tsaya.

"Kai ɗan nema! Albasata na ƙonewa, kana yi wa ƙato wanka?"

"Inna, silima ce. Mutumin nan zai yi kuka cikin ruwa."

"To ya zo ya yi kukansa tsakiyar fangalina."

Haka kuwa aka yi. Labo bisa amalanke yana tsiyayo ruwa, ƙato na kuka, Inna na kora su fangali bayan fangali, wai kukan bai yi ba, a sake. Kafin la'asar albasa ta sha ta ƙoshi.

Da zai tafi ta cika masa kwando, ta ce, "Baɗi silimar ambaliya za ka yi, ɗana. Kabeji zan dasa."