Baƙin Ruwan Inna

Shekarun baya kaɗan da suka shige, ɗiyata ta fari ta dawo gida Yauri daga jami'a idanunta jajur. Saura mako biyu ta tsaya gaban malamai ta kare binciken kammala karatunta, sai malamin da ke duba aikin ya ce haddacewa kawai ta yi, ba ta fahimta ba. In ta kasa bayani da bakinta, sai ta maimaita shekara.

Na ce ta gwada yi mani. Ta ce akwai wata iska can ƙololuwar sama, ozon, mai tare mana zafin hasken rana. Na ce wannan kam na sani tun sakandare, har ina hura hanci. Ta ci gaba da cewa idan saman teku ya ɗumama a yankin zafi, bayan watanni sai yawan ozon ya sauya a can ƙarshen duniya inda ƙanƙara take. Nan ilimina ya ƙare. Na tambaye ta me ya haɗa ruwan nan da samaniyar can, ita ma ta kasa bayani, hawaye suka zubo.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana gefe tana juya kifi a kan banda. Ta tambaya me ake wa kuka. Allah Ya yafe mani, cewa na yi, "Inna, karatun boko ne, ba za ki gane ba."

Ba ta ko dube ni ba. Ta sa jikarta ta maimaita a hankali, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, a bakin kogin Kwara aka haife ki. Baƙin ruwa yaushe yake zuwa?"

Ɗiyata ta ce lokacin sanyi yake cika kogin, bayan damina ta wuce.

"To hadarin wa kika gani? Can wata ƙasa aka yi ruwan, ya yi wata da watanni a hanya, kakanki yana nan yana gyaran komar kamun kifi yana jiransa. Ita iskar taku ba ta da hanya ne?"

Yarinyar nan ta tashi da gudu ta ɗauko takardunta. Ashe yana ciki: ɗumin teku ne ke motsa iska, motsin ya yi ta hawa yana tafiya har ya kai can. Ta karanta shi ya fi a ƙirga, ba ta taɓa ganinsa a matsayin tafiya ba.

Ta ci, alhamdulillahi. Ta ce da baƙin ruwa ta fara bayaninta, har wani malami ya ajiye biro yana saurare.

Inna ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa ganin teku ba. Na nemi gafararta kan maganar nan tun tana raye, ta yi dariya ta ce ita ba ta ma ji ba. Na san ta ji.