Taken Mamaci a Wasan Waya

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin ina da rumfa a kasuwar Kankiya, ina juya tsofaffin kaset a kwamfuta su koma waƙar waya. Ɗana Nasiru kuwa ya samo wani wasa da ake sa ma kiɗa, mutum ya riƙa buga fuskar waya da yatsu yana bin amon, sai ya dame ni wai shi kiɗan gida yake so.

Na hau mashin zuwa Kusada wajen wata tsohuwa, matar wani marigayi makaɗin gangar noma, na aro kaset. Tana miƙo min ta ce, "Alhaji, na ƙarshen nan taken wani manomi ne da ya rasu. Ba a kaɗa taken mamaci, ka yanke shi." Na ce to.

Da muka juya kaset ɗin, Nasiru ya ji wurin taken ya ce, "Haba Baba, ai nan ne daɗin! Camfin ƙauye ne kawai." Ni da furfurata, ni da na taso ina jin yadda take ke zaburar da mutum a gayya, na biye masa. Tir da ni!

Ranar kasuwa bayan azahar Nasiru ya zauna kan benci yana wasan. Ana isa wurin sai yatsunsa suka ƙi tsayawa. Na ce, "Kai, aje wayar nan!" Waya ta mutu, amma yaro na ta bugun katako har jini, ya duƙa kamar mai riƙe da garma, shi da bai taɓa huɗa kunya ɗaya ba. Sai ya ɗago ya dube ni, da muryar wani dattijo ya ce, "Wa ya kira ni? Ina gonar?"

Innalillahi! Da ƙyar malamai suka samo kansa, yatsunsa biyu har yanzu ba sa lanƙwasuwa, kuma bai tuna komai ba.

Na goge waƙar, amma ashe tuni ya tura ma abokansa a Rimaye, su ma sun tura gaba. Masu yi min dariya ku ci gaba. Ni dai in an turo muku wasan da ganga ke tashi a ciki, ku tambayi taken waye kafin ku ɗora yatsa.