Yadda Bakina Ya Kori Gambo Mai Kwalekwale

Aikin atenda wahala ce, kada wani ya ruɗe ku. Shekara ashirin da biyu ina zirga-zirga a barandar asibitin gwamnati a Nguru, gwiwoyina sun gaji, bayana ma ya fara ƙorafi. Ni ba likita ba ne, ba nas ba ne, firamare kawai na yi. An ce mu tsofaffin hannu kowa ya rubuta wani abu saboda ku sababbin ɗauka. To ni abin da ba ya barin raina shi ne wata Litinin, bayan girbin shinkafa, da na kori mutum daga asibiti da bakina.

Bari in faɗi yadda aikin yake saboda wanda bai sani ba. Mara lafiya in ya zo, ɗakin kati yake fara zuwa. A buɗe masa fayil, a rubuta a bayansa sashen da za a kai shi, sannan ya zauna a benci a babbar baranda. Ni ne nake kwaso fayilolin, in tsaya a tsakiya in kira suna haɗe da sashe. "Falmata Modu, ido!" "Bukar Yusufari, haƙori!" Mutum ya tashi ya bi ni. Haka na tarar ana yi, haka wanda ya koya mini yake yi. Kuma Allah ya ba ni murya, har alfahari nake da ita.

Ranar baranda ta cika maƙil. Na ɗaga fayil na ce, "Gambo Dagona, tsarin iyali!" Ba wanda ya tashi. Gambo dai suna ne da ake sa wa mace da namiji, ni kuwa na ɗauka mace ce, don ban saba ganin namiji a wannan sashe ba. Na sake kira. Na uku na ƙara da wasa, na ce, "Gambo Dagona, ko an fasa hutun ne?"

Sai wani dogon mutum baƙi ya miƙe daga ƙarshen benci. Wani mai kanti da ke jiran haƙori ya ce, "A'a, Malam, kai ne mai jegon?" Baranda ta ɗauki dariya, har matan da ke can gefe. Mutumin ya gyara hularsa, ya bi ta ƙofar fita, bai waiwayo ba.

Na kai fayil ɗin wurin Sista Rifkatu, ita ce shugabar sashen tsarin iyali, 'yar Filato ce amma ta daɗe a Nguru. Na ce mata mai fayil ya gudu. Da ta ji yadda aka yi sai ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Malam Audu, wata uku ina lallaɓa mutumin nan. Kai ka zubar a minti ɗaya."

Na ce, "Sista, ai aikina na yi."

Ta ce, "Zauna ka ji aikin da ka yi. Kuma abin da zan faɗa ya tsaya a ɗakin nan."

Ya tsaya ɗin, sai daga baya da Gambo da kansa ya ce in ba da labarin in dai ban ambaci mahaifinsa ba. Masunci ne. Matarsa Hauwa ta haifi na takwas, zuciyarta ta kumbura, ta yi makonni a kwance a asibitinmu, an fitar da rai da ita. Likita ya gaya musu kai tsaye cewa wani cikin zai iya zama ajalinta. An gwada mata allurar hutun haihuwa da ashanar da ake sa wa a hannu, duk jini ya ɓalle mata. Juya mahaifa kuma sai an buɗe ciki, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Saura a yi wa mijin aikin tsayar da haihuwa. Ya je ya tambayi malaminsu, malamin ya ce inda rai yake cikin haɗari lalura ce. Shi ne ya ɗauro niyya ya zo ranar a sa masa rana.

Aikin da kansa ba wani babba ba ne. Ana kashe wurin da allura, a yi 'yar ƙaramar tsaga, a yanke siririyar hanyar da ƙwayar haihuwa take bi, a ɗaure. Mutum idonsa biyu, da ƙafarsa zai fita. Amma ba a komawa baya, shi ya sa a wurinmu sai an zauna da kai sau biyu ko uku, ka dangwala hannu a takarda, sannan a jira ranar da likitan tiyata yake da sarari. Kuɗi kaɗan ne, na kati da 'yan kayan aiki. Abin da yake da tsada a wurinmu jira ne da idon mutane, don ɗakin Sista yana cikin sashen awon ciki. Namiji in zai shiga sai ya ratsa mata wajen hamsin.

Sista ta kira wayarsa kwana uku, a kashe. Ranar Juma'a ta ce, "Kai ka kore shi, kai za ka nemo shi. In ya fasa, matar nan ta sake ɗaukar ciki, ni da kai muka sani."

Asabar ba ni da aiki. Na shiga mota ta Jajimaji na sauka Gashuwa, na nufi wurin masu banda, don duk masuncin Dagona, ƙauyensu Gambo, nan yake kawo kifinsa. Na ce saƙo gare ni wurin Gambo. Wata mai sayar da tarwaɗa ta ce, "Dogon nan? Yana bakin kogi, wai kwalekwalensa zai sayar. Mutum da tsakiyar kamu, ko me ya same shi oho."

Na same shi tsaye cikin ruwa zuwa idon sawu. Wani Alhaji yana zagaya kwalekwalen yana ƙwanƙwasa katako, yana cewa nan ya ruɓe, can ya tsage. Ƙarya yake, ko ni da ban san jirgi ba na ga lafiyayye ne. Ya dai gane mai shi a matse yake.

Gambo ya gan ni ya ce, "Sarkin shela. Har nan ka biyo ni ka kira?"

Na ce, "Haƙuri na zo bayarwa, Malam Gambo."

Ya ce, "An ji. Koma."

Alhajin ya faɗi wani wulaƙantaccen farashi. Ban san lokacin da na ce, "Alhaji, ba na sayarwa ba ne" ba.

Gambo ya juyo. "Kai wai bakin nan naka ba ya hutawa ne? Kayanka ne?"

Na ja shi gefe, ƙarƙashin wata giginya. Nan ya gaya mini. Daga wurinmu bai zarce gida ba, wani asibitin kuɗi ya je a nan Gashuwa. Ya ce, "Ba wanda ya kira sunana. Wata ma'aikaciya ce ta zo har inda nake, ta yi magana a hankali, ta kai ni ɗaki. Likitan ya ce in na kawo kuɗi ran Litinin, kafin azahar na koma gida."

Ba zan ɓata masu asibitin kuɗi ba. Aikin ɗaya ne, kuma sun fi mu sauri, sun fi mu rufa asiri. Amma kuɗin da suka yanka masa sai ya haɗa kwalekwale da raga, ya nemi ciko.

Na ce, "In ka sayar, da me za ka ciyar da takwas ɗin?"

Ya ce, "In yi ƙodago a gonar shinkafar wani. Ni dai Hauwa ta rayu. Amma ba zan sake zama a barandarku a mai da ni abin dariya ba. Ka san da ɗan ƙauyenmu a bencin nan? Allah ya taimake ni kurma ne."

Ban yi dariya ba, ko da yake ta zo mini.

Ina tsaye sai tunanin Alhamis ya faɗo mini. Duk Alhamis ake ƙananan ayyukan tiyata na maza, masu ƙaba da masu gwaiwa. Su ba sa bi ta babbar baranda. Tun bayan asuba suke taruwa a ƙaramar baranda ta bayan tiyata, kowa da saƙaƙƙen wando, kowa kansa a ƙasa. In an gama su fito suna tafiya a buɗe. Ba mai tambayar wani, don kowa da tasa.

Na ce, "Ka zo Alhamis ka zauna cikin masu ƙaba. Sista za ta kawo takardunka can. Ba awon ciki, ba kira."

Ban tambayi Sista ba, ban tambayi likita ba. Na dai faɗa.

Ya dubi ruwa. Can ya rage murya ya ce, "Tsakaninka da Allah, Malam Audu. Sista mace ce, akwai abin da ban iya tambayarta sau biyu ba. Ba dandaƙa ba ce irin ta bijimi? Ka taɓa ganin wanda aka yi wa?"

Na ce, "Biyu na gani duk zamana. Ɗaya ban sake ganinsa ba. Ɗayan malamin makaranta ne, ya dawo gwaji bayan wata uku, matarsa ta rako shi, tana ta tsokanarsa a hanya suna dariya. Ban shiga ɗakinsu ba, amma macen da aka cuta ba ta irin wannan dariyar. Ba abin da ake cirewa. Hanya kawai ake tarewa."

Bai yi mini alkawari ba. Ya dai koma ya ce wa Alhajin sai ya yi shawara. Alhajin ya harare ni kamar na ci masa gona.

Litinin na gaya wa Sista. Ta ce, "Yanzu kai ne kake sa ranar tiyata? Gobe kuma sai ka ɗauki wuƙa." Amma ta ɗauki fayil ta tafi wurin likita. Likita ya ce ba laifi, sharaɗi dai sai ya sake zama da shi, ya ji daga bakinsa, ya dangwala hannu, ba a tsallake ko ɗaya. Wannan Alhamis ta cika, sai ta sama. Sista ta aika masa saƙo ta waya. Ba amsa. Kwana goma na yi ina lissafin cewa ya sayar da jirgin, ko kuma ya watsar da zancen gaba ɗaya, wanda ya fi muni.

Ranar Alhamis ɗin na tsaya a bakin ƙofa tun da sassafe. Har hantsi ya fara ɗagawa babu shi. Na juya ke nan sai ga Keke Napep ta tsaya. Gambo ya fito, ya miƙa hannu ya sauko da wata siririyar mace, tana takawa a hankali tana hutawa. Na bi da su ta bayan ɗakin magani ban ce komai ba.

Ya zauna cikin masu ƙaba. Wani tsoho ya dube shi ya ce, "Ɗana, kai ma ita ce?"

Gambo ya ce, "Abin dai na ƙasa ne, Baba."

Tsohon ya ce, "Allah ya raba mu da wahala." Shi ke nan.

Jira kam ya sha shi. An kawo wata mai haihuwa da sai an yi mata aiki, likita ya bar kowa ya tafi, ba a zo kansa ba sai bayan azahar. Da lokaci ya yi na je na taɓa kafaɗarsa. Likita ya tambaye shi ko ya gane ba a warwarewa, ko da nan gaba ya so ƙarin 'ya'ya. Ya ce ya gane, takwas ma Allah ya raya. Ya dangwala. Ko rabin awa ba a yi ba ya fito yana tafiya irin ta sauran. Sista ta ja musu kunne su biyun: mako guda ba jan raga, kuma wata uku su ci gaba da kiyayewa har sai ya dawo an gwada an tabbatar.

Hauwa ta dube ni ta ce, "Kai ne mai muryar?"

Na ce, "Ni ne, baiwar Allah."

Ta ce, "To Allah ya sa ka ƙare da ladanci."

Gambo ya fara dariya, wurin ya ja shi, ya dafe ya daina. Da zai shiga Keke ya ce, "Jirgin yana nan, Malam Audu. In ka zo Dagona zan tsallaka da kai, in dai za ka yi shiru kada ka kore mini kifi."

Abin da na ɗauka a wannan ke nan, ku sababbi. Mu muna cewa aikinmu kyauta ne, muna mamakin talakan da zai sayar da abin sana'arsa ya kai asibitin kuɗi. Ba wauta ba ce. Likitanmu ya iya aikin kamar nasu. Abin da Gambo ya so ya saya da kwalekwalensa shi ne kada a yi masa dariya, wannan kuwa ba ya hannun likita, yana hannun irinmu masu ɗaukar fayil. Kuma ba ya cin ko sisi.

Washegari Juma'a na riga kowa zuwa. Ɗakin Sista yana da wata ƙofa ta baya mai kallon sito, an daɗe da toshe ta da tsofaffin kwalaye. Na kwashe su, na share wurin, na zuba wa sakatar man inji har ta buɗe. Na ɗauko wani benci a sito, na ɗora a ka, na dire shi a bakin ƙofar.

Sista ta iso ta tsaya tana kallo, jaka a hannu. Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Na maza ne."

Ta ce, "Wa ya ba ka izini?"

Na ce, "Babu."

Ta dubi bencin, ta dubi sama. Ta ce, "To matsar da shi jikin bango. Nan rana za ta same su da hantsi."

Na matsar.