Jini a Kujerar Kekena

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, don ina tsoron kada ta jawo mini abin da ban shirya ba. Amma ban taɓa mantawa da ranar ba, kuma yaran da ke shiga aikin tuƙa keke mai ƙafa uku yanzu ya kamata su ji.

Da daminar bara ne, bayan la'asar. Na sauke fasinja a Terminus, sai wata mota ta buge wani dattijo ta gudu. Mutane suka kewaye shi, ba wanda ya taɓa shi. A wajenmu direbobi dokar sananniya ce: wanda ya kai mai rauni asibiti, shi ake fara riƙewa. Asibiti su nemi rahoton 'yan sanda, 'yan sanda su tambaye ka yadda aka yi ba kai ka buge shi ba.

Na matso da kekena, sai Ɗanlami abokin aikina ya riƙe mini hannu. "Malam Sabo, kana da 'ya'ya fa. Keken ma ba naka ba ne."

Ina cikin shakka wani kofur, wato ɗan sanda mai igiya biyu, ya ratso taron. Ya ce, "Baba, kawo keken." Ban iya cewa a'a ba, muka ɗauki dattijon muka sa a keken. Shi ya zauna a baya, ya ɗora kan dattijon a cinyarsa. Har muka isa dattijon sunan wata Ngozi kawai yake kira.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi rahoto. Kofur ya ce, "Ga ni a tsaye, wane rahoto kuma? Ku karɓe shi."

Na lallaɓa zan tafi, ya kira ni. Na ce a raina shi ke nan, yau a sel zan kwana.

"Oga, wallahi ba ni na buge shi ba."

"Na sani. Dubi kujerarka. In ka fita da jinin nan kai kaɗai, mutanenmu 'yan sanda ba za su bari ka kai Gada Biyu ba."

Ya shiga ya raka ni wajen masu wankin mota, ya tsaya har aka wanke, sannan ya tafi. Ko sunansa ban tambaya ba.

Abin da na fahimta shi ne, su ma 'yan sandan sun san tsoron da muke ji, kuma tsoron nan yana iya kashe mutum a kan titi jama'a na kallo.

Daga baya na koma asibitin, suka ce ba sa ba da bayani sai ga dangi. Ofishin 'yan sanda kuwa, na sha zuwa bakin ƙofa in juya. Don Allah, wanda ya san wata Ngozi da mota ta buge mahaifinta ko mijinta a Terminus bara, ya bar saƙo a tashar keke ta Gada Biyu. Ina so in sani ko ya rayu.