Yaya Sajan Ta Ɗakin Kiran Gaggawa Za Ta Ajiye Aiki

Kullum takan riga kowa isowa. Kafin mai shara ya gama da baranda ta shige ɗakin kira, ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta goge tebur, sannan ta ɗaga wayoyin ɗaya bayan ɗaya ta kara a kunne don ta ji ko layin na da rai. Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar ƙarama can sama, ga fanka guda da take juyi tana kuka kamar za ta faɗo. Taswirar da ke bango ta tsufa har sababbin unguwanni babu su a ciki, ita ce ta riƙa zana su da biro a gefe. In ta ga komai daidai sai ta sallami wanda ta karɓi aiki daga hannunsa, ta zauna, ta maƙala abin sauraro a kunne. Daga nan har yamma, duk wanda tsoro ya kama ya buga lambar gaggawa ta 'yan sanda, muryarta zai fara ji.

Yaya Sajan muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni direban motar sintiri ne, na daɗe ina jin muryarta ta oba-oba kafin mu taɓa zama mu yi hirar kirki. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma na san ba wanda zai buga hotonta a jarida. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona.

Mutane suna ɗauka aikin ɗaga waya ne kawai. Ba su san cewa cikin masu kiran akwai mai wasa, akwai wanda ya sha ya yi tatil, akwai mai zagin iyayenta don an kama ƙaninsa, kuma a tsakiyarsu akwai wanda da gaske ransa na hannun Allah, dole ta gane shi tun daga numfashinsa. Ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba. Wani magidanci ya taɓa kira wai matarsa ta kulle shi a waje, a turo masa jami'ai. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce masa ya gwada ba ta haƙuri tukuna, don haƙuri ya fi motarmu sauri. Mun yi mako muna dariyar wannan magana. Amma ita da ta faɗa ba ta yi dariya sosai ba, saboda ta san gaskiya ce.

Motocinmu uku ne a lokacin. Ɗaya tana gareji a kan duwatsu, an cire mata tayoyi an sa wa wata. Ɗaya kuma kusan kullum tana rakiyar manya. Tawa ce ke yawo, ita ma in an samu mai. Yaya Sajan ce ke tsakanin mai kuka da wannan rashi, ita za ta buɗe baki ta ba shi amsa. Wasu a kujerar nan sukan ce “suna hanya” su kashe waya su huta. Ita ba ta faɗin haka sai in da gaske muna hanya. In babu mota takan gaya wa mutum babu, sannan ta shiga neman dabara: ta kira ofishin da ke kusa, ta kira masu gadin unguwa, ta gaya wa mai kiran inda zai ɓuya da ƙofar da zai tokare.

Ranar da ba na mantawa, da tsakar rana ne. Wata malamar makaranta ta kira tana raɗa. 'Yan fashi sun shigo gidansu, ita ta ɓuya a ɗakin ajiyar kaya, mahaifinta tsoho yana falo a hannunsu. Yaya Sajan ta kira ni nan take. Ina can ƙarshen gari, motata ta mutu a gefen titi, mai ya ƙare tun hantsi, na kai ƙorafi an ce in jira. Ta kira motar rakiya, aka ce ba za a bar babban baƙo a hanya ba. Ta kira ofishi na kusa, su ma tasu ta fita. Duk wannan da hannu ɗaya take yi, ɗaya kunnen yana tare da malamar, tana ce mata ta rage hasken waya, ta yi numfashi a hankali, kada ta fito ko ta ji me.

Ta sake kira na, muryarta ba ta canza ba, amma na ji abin da ke ƙarƙashinta. Ta ce, “Ƙanena, bar motar nan. Ku tari babur, ku tafi.”

Ni da abokin aikina muka tari masu babur muka kama hanya. Kafin mu isa 'yan fashin sun gama abin da ya kawo su sun tafi. Tsohon ya yi gardama da su a kan makullin ɗakin da 'yarsa take, suka harbe shi. Ni na buɗe ƙofar ɗakin ajiyar. Na tarar da malamar a durƙushe bayan buhuna, waya manne a kunnenta, ga muryar Yaya Sajan tana fitowa a hankali tana ce mata waɗanda suka shigo yanzu namu ne, ta iya tashi. Harbin da aka yi, su biyu suka ji shi tare.

Maganar ta yi ƙarfi a gari, har hukumar da ke sa ido kan aikin 'yan sanda ta turo kwamitin bincike. Kafin su zo, wani babba a wurinmu ya kira ta ofishinsa. Bai yi mata faɗa ba, lallashi ya yi. Ya ce abu ne mai sauƙi, ta ce mai kiran ta ruɗe ba ta ba da kwatance daidai ba, shi ya jawo jinkiri. Ya ce ba wanda zai cutu, kuma ƙarin girmanta na tafe. Ta gaya mini daga baya amsar da ta ba shi.

“Ranka ya daɗe, yarinyar nan ta ba ni kwatance har da kalar ƙofa. Ta rasa uba, ba zan ƙara mata da laifi ba.”

A gaban kwamiti ba ta ɗaga murya ba, ba ta nuna kowa da yatsa ba. An tambaye ta ina motoci suke a ranar, ta faɗi inda kowace take. Suka rubuta, suka yi mata godiya, suka tafi. Rahotonsu ba mu taɓa ganinsa ba. Bayan an kwana biyu aka kawo mana sabuwar mota guda, ba ta yi wata a sintiri ba aka mayar da ita rakiya. Ƙarin girman da aka ce yana tafe kuwa, ya bi ta gefenta ya wuce. Waɗanda ta koya wa aiki sun zama shugabanninta, ita tana nan a sajan har yau.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne ta je gidan malamar. Ta cire kaki ta sa kayan gida, ta roƙe ni in nuna mata hanya. Malamar ta fito, ta yi mana kallon baƙi, har Yaya Sajan ta yi sallama. Tana jin muryar ta dafa bango. Na ɗauka za ta rungume ta, amma ba haka aka yi ba. Ta ce mata ta yi haƙuri ta tafi, ba za ta iya jin muryar nan a gidan nan ba. Yaya Sajan ta ce ta gane, ta yi wa mamacin addu'a daga bakin ƙofa, muka juyo. Washegari ta riga kowa isowa aiki.

Sai bayan shekaru malamar ta neme ta da kanta. Ta zo har bakin ofis, suka zauna a benci a inuwa, suka yi kuka mai isarsu. Yanzu in malamar ta kira, Inna take ce mata.

Yaya, ke ce kika ɗauki kukan garin nan a kunnenki kika kai shi gida ba tare da kin sauke wa kowa ba. 'Yarki ta gaya mini cewa a gida ba kya son ƙarar waya, in ta yi ringi sai kin zabura ko kina tsakar cin abinci. Ta ce kunnenki na hagu ya daina ji sosai, sai an zagayo ta dama ake miki magana, kuma kin hana a faɗa a wurin aiki don kada a ɗauke ki daga kujerar kafin lokaci. Ki yafe mini da na faɗa yanzu. Ke ce kika ba mutane haƙuri a kan laifin da ba naki ba, kika sha zagin da ya kamata ya tafi sama. Mai gaskiya a inda ƙarya ta fi sauƙi, mun gode. Waɗanda kika ceta da yawa ba su san fuskarki ba, suna wuce ki a kasuwa. A madadinsu nake cewa Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya.

Ku kuma da aka ɗora wa sa ido a kan wannan aiki, ku riƙa shiga ɗakin kira kafin a yi gawa, ku zauna ku ji abin da ake ji a can. Mai ɗaga waya ba ta da abin da za ta tura sai abin da kuka ba ta. Masu shigowa aikin kuma, ku yi koyi da ita.

Makon jiya na leƙa ɗakin na same ta tana koya wa wadda za ta gaje ta. Sabuwar ta tambaye ta me za ta yi in an kira alhali ta san babu motar da za ta je. Yaya Sajan ta ce, “Ki gaya masa gaskiya, ki ci gaba da nema. Kuma ko me ake ciki, kada ki riga shi ajiye waya.”