Telar da 'Yarta Ta Ci Jarrabawa

Tun tana yarinya telar nan take kwaɗayin shiga makarantar gwamnati ta kan tudu, wadda sai an ci jarrabawa ake ɗaukar mutum. Tare da ƙanwarta suka rubuta, ƙanwar ta ci, ita ta faɗi. Aka kai ta koyon ɗinki, hannunta ya faɗa, har ya zama rabin ɗaliban makarantar ita ke ɗinka musu riguna. In ƙanwar ta soma labarin aji, sai ta ƙara wa keken ɗinki gudu.

Bana 'yarta ta fari ta shigo shago tana haki: "Mama, an ɗauke ni a makarantar kan tudu!"

Ta rungume ta da zuciya ɗaya. Amma da ta zo gwada ta don ɗinka mata rigar makaranta, sai ta ja igiyar awo da ƙarfi.

"Mama, kin matse ni."

"Tsaya mana, 'yar boko! Tun ba a je ba an fara iyayi?"

Rigar dai ta yi kyau sosai. Ranar tafiya ta ce aiki ya yi mata yawa, baban yarinyar ne ya raka ta.