Rama Uku a Gidanmu

Allah ne Ya halicci ciki, Shi kuma Ya san hikimar da ta sa Ya bar shi ba murfi. Duk sanda na ji ana hirar rage ƙiba, yayana nake tunawa, Allah Ya jiƙansa.

A shekarun tamanin gida ɗaya muke zaune a Makera, shi a ɗakunan gaba, ni da iyalina a na baya. Guntayen atamfa yake sarowa daga masaƙa yana sayarwa. Allah Ya buɗa masa, buɗin kuwa a jikinsa ya sauka. Tun ana cewa Alhaji ya yi kyau har aka koma cewa Alhaji ya cika ƙofa. Shi ƙofa ba ta dame shi ba, gwiwa ce ta dame shi, don ta ƙi lanƙwasuwa har sujada ta gagare shi. Wani kafinta a unguwar Television ya ƙera masa kujera, aka ajiye ta a ƙarshen sahu a masallacin unguwa, yana salla a zaune yana nuni da kai. Malamai sun ce ya halatta. Shi dai ya ce mini goshinsa na kewar ƙasa.

Na raka shi wani asibiti a Kakuri. Likitan Ba'indiye ne, ya tsinci Hausarsa a bakin marasa lafiya. Ya ɗora Yaya a sikeli, ya dubi allura, ya dubi Yaya, ya sake duban allura. Sannan ya ce, "Alhaji, bar tuwo wata uku. Ka rama."

Muka yi godiya muka fito, kowa na ganin ya gane. A cikin bas na ce to, sai haƙuri, likita na so ka rame. Yaya ya ce ba haka ya ji ba. Rama aka ce. Duk abin da aka bari da uzuri ana rama shi: matafiyi na rama azumi, marar lafiya na ramawa, to shi ma zai bar tuwo wata uku, sannan ya rama. Har ya yaba wa likitan, ya ce ga mutum ba Musulmi ba amma ya san adalci.

Ni da aka koya wa Ajami na san ɗigo ɗaya ne a ƙarƙashin harafi ya raba rama da rame, ɗigon da ko ƙuda zai iya ajiyewa. Na faɗa masa haka. Ya ce likita da baki ya yi magana, kuma bai ga ɗigo ya fito ba.

Da muka iso gida Hajiya, matarsa, ta saurare mu duka, ta ce maza dai ba su iya jin magana ba. "Ka ci rama" aka ce, likitan ya haɗiye "ci" ɗin. Kafin Magariba ta aika wa wata mai ganye a Sabon Tasha ta riƙa kawo mata rama dami-dami. Da gardama ta ƙi ƙarewa, Yaya ya yanke hukunci irin na babba: za a bi dukkan fassarorin bi da bi. Ya ci rama, ya rame, ya rama.

Biyun farko sun tafi daidai, ko da yake da wuya. Safe kwaɗon rama, rana kwaɗon rama, dare ruwan da aka dafa ramar. Idan ina cin tuwo sai ya zo ya zauna kusa da ni yana raka kowace loma da ido har ta shige, ba fushi, kamar mai kallon kayansa da ya ba da ajiya. Babbar riga ta fara lilo a jikinsa. Lokacin kuwa ana tsuke bakin aljihu, ana layin sabulu da madara, sai unguwa ta ɗauka kasuwa ce ta karye masa, wasu suka ce sammu ne. Aka shiga zuwa dubiya da kwanonin tuwo da farfesu. Kowa ya kawo sai Yaya ya buɗe, ya shaƙi ƙamshi, ya rufe, ya ce a riƙe masa, zai aiko.

Wata Asuba ya ture kujerar gefe ya shiga sahu. Ina kusa da shi. Na ji gwiwarsa ta yi ƙara kamar an karya kara, sai ga goshinsa a kan tabarma. Da muka fito sai shafa goshin yake ta yi. Ranar ya kyautar da kujerar ga mai shayin bakin titi.

Sai wa'adi ya cika. Aka wayi gari gidanmu kamar ranar Salla. Yaya ya aika gida-gida cewa masu ajiya su kawo. Kowane cin abinci kwano biyu ake ajiye masa, na yau da na ramuwa, kuma ba ya taɓa na biyun sai ya ƙulla niyya a bayyane: ya yi niyyar rama tuwon daren Talatar farko. Ya tambaye ni ko ramuwa sai a jere ko ana iya rarrabawa. Na ce ban ga babin a littafi ba. Ya ce to a jere ya fi, mutum bai san gawar fari ba.

Na yi masa magana, ya ce, "Kai ƙanena ne ko likitana?"

Abin da na lura shi ne jikin ma ya koyi darasi. Tun da aka yi wahalar sabulu, Hajiya ba ta ƙara ganin sabulu ta bar shi ba, ƙarƙashin gadonta kamar kanti. Haka jikin Yaya ya zama. Ya ɗanɗani yunwa, ya daina yarda da mai shi, duk abin da ya shigo sai ya ɓoye. Kafin damina ta fita ya mayar da abin da ya zube har da gyara. Ni aka aika wurin mai shayi in karɓo kujerar, na tarar da mutum a kai yana jiƙa burodi.

Muka koma Kakuri. Wannan karon wata nas 'yar Nasarawa ta tsaya tsakaninmu da likita, ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta warware mana. Ba ramuwa, ba kuma wa'adi. A rage kaɗan kullum, a taka da ƙafa zuwa kasuwa, haka har ƙarshen rai. Sai Yaya ya ce, "Likita, wa ya taɓa ɗaukar azumin da ba Salla a ƙarshensa?"

Ya sake gwadawa bayan nan, har sau biyu, amma kullum sai ya yanka wa kansa wa'adi, kullum kuma wa'adin na cika jiki ya dawo da 'yan rakiya. Mai ganyen Sabon Tasha har ta gane: in aka aiko neman rama, sai ta tambaya yaushe ne bikin.

Ita kuwa kujera ta sha ruwan shayi da nauyin jama'a, ƙusoshinta sun saki. Wata La'asar, a raka'ar ƙarshe, Yaya ya sunkuyar da kai zai yi nuni, ƙafar gaba ta ɓalle. Ya zube kan gwiwa, nauyinsa ya kai shi gaba, goshi ya sami tabarma. Liman ya ɗago, ya yi tahiya, ya sallame, Yaya na nan yadda yake. Hankalina ya tashi. Muka taru mu ɗaga shi, ni da ladan da wani mahauci.

Bai ɗago ba. Daga can ƙasa muka ji muryarsa, a natse.

"Ku dakata tukuna. Ina da ramuwa."

Liman ya dube ni, na dube shi. Muka koma muka zauna, muka ciro carbi muna jira.